Masu Gyaran Gilashi a Maiduguri: Daga Madubin Fatake zuwa Sikirin ɗin Kwamfuta

Sana'ar gyaran kayan lantarki a Maiduguri, wadda a yau ta haɗa masu gyaran waya da talabijin da kwamfutar cinya, ta gaji wani hali da ya girme ta nesa ba kusa ba, wato zaman Borno a ƙarshen doguwar hanyar fatauci, inda kaya ke isowa bayan sun yi nisa da wanda ya ƙera su, babu kayan canji tare da su, babu kuma wanda za a mayar wa idan sun sami matsala. A irin wannan wuri da wuya a mayar da abu yadda ya fito daga masana'anta, saboda haka mai gyara kan duba sassan abin, ya tantance wanda ba a iya rabuwa da shi da wanda za a iya haƙura da shi, sannan ya sadaukar da na biyun domin ya ceci na farkon. Babu aikin da ya fito da wannan ɗabi'a fili kamar kankare shafen da ya lalace a kan sikirin ɗin kwamfuta, wato gilashin da ake kallon rubutu da hotuna a kansa, domin aiki ne da mai gyara ba ya ƙara komai a cikinsa, sai dai ya rage.

Gilashi ya riga Turawan mulki zuwa Borno da daɗewa. A ƙarni na 19, lokacin da Kukawa, wadda Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814, take hedkwatar daula, ayarin raƙuma kan taso daga Tarabulus su bi ta Murzuk da Bilma su sauke kaya a can, kuma cikin kayan akwai takarda da duwatsun wuya na gilashi daga Italiya da ƙananan madubai daga Nuremberg ta Jamus. Matafiyi Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya isa Kukawa a 1851, ya bayyana babbar kasuwar garin da take ci ranar Litinin, ranar da har yanzu sunanta ke kan babbar kasuwar Maiduguri. Madubin wancan zamani gilashi ne da aka shafa wa haɗin kuza da zaiba a baya, kafin Justus von Liebig ya fito da hanyar shafa azurfa a 1835, kuma duk amfaninsa yana cikin wannan siririn shafe ne, wanda da zarar ya fara ci sai baƙin tabo ya bayyana a fuskar madubin, alhali babu wanda ya san yadda ake sake shafa shi a wannan ɓangare na Sahara. Abin da masu sana'ar gida suka iya yi shi ne kariya, shi ya sa dukawa kan ɗinka wa ƙaramin madubi gida na fata domin kada bayansa ya gogu.

Labarin da ya fi nuna halin da kayan ƙira ke shiga a wannan hanya shi ne na kyaututtukan da Sarkin Furushiya, Wilhelm na I, ya aiko wa Shehu Umar ta hannun likita Gustav Nachtigal, wanda ya isa Kukawa a 1870, domin godiya ga karamcin da Shehu ya yi wa matafiya Jamusawa. Cikin kayan akwai kujerar sarauta da hotunan gidan sarautar Furushiya da bindigogi da agogo, da kuma wani akwatin kiɗa mai madannai da zuga-zugi a cikinsa wanda Turawa ke kira hamoniyom. Zafi da bushewar hamada sun taɓa akwatin kiɗan kafin ya iso, kuma wanda ya yi ta fama da shi shi ne baran Nachtigal, wani ɗan Italiya mai hannun sana'a da ake kira Giuseppe Valpreda, wanda daga baya ya musulunta ya zauna a Kukawa, har hafsan Faransa Monteil ya same shi a can a 1892. Masu rubuta tarihin Borno sun fi mayar da hankali ga siyasar wannan ziyara, amma ga mai bin diddigin sana'o'i darasinta yana cikin akwatin ne: na'ura ta taho daga ƙasa mai sanyi da danshi, an ƙera ta ba tare da tunanin ƙura da rana irin ta Borno ba, ta iso a raunane, kuma rayuwarta ta rataya a kan mutum ɗaya mai haƙuri da ƙananan kayan aiki.

Wani mayaƙi mai suna Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, sannan a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, kusa da sansanin Turawan Ingila da ke gefen kogin Ngadda, wurin da ya zama Maiduguri ta yau. Hanyar hamada ta mutu bayan jirgin ƙasa ya isa Kano, kaya suka koma shigowa daga bakin teku, ta Kano da Jos, a kan manyan motoci, har layin dogo ya iso Maiduguri kanta a 1964. Alƙiblar ta juya daga arewa zuwa kudu, nisan dai yana nan: kimanin kilomita 600 zuwa Kano, fiye da kilomita 1,500 zuwa Legas. Zaman garin hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, da kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, da ƙirƙirar Jihar Borno a 1976, sun tara ma'aikata da malamai da ɗalibai masu agogon hannu da tabarau da rediyo, yayin da Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da gidan rediyon Kaduna na 1962 suka sa akwatin rediyo ya zama abin da talaka ma ke tara kuɗi ya saya. A nan ne mai gyaran agogo da ɗan akwatinsa na gilashi a bakin kasuwa, da mai gyaran rediyo da ƙarfen narkar da dalma da mitar gwada wuta, suka kafu a matsayin masu sana'a.

Tsarin da suka kafa bai canza sosai ba har yau. Yaro kan zauna a shagon maigida shekaru, ya fara da shara da aike da kwance noti, sannan a bar shi ya taɓa dalma, kuma mafi yawan iliminsa na ido ne da kunne da hanci, domin ƙaurin abin da ya ƙone kan gaya masa inda matsala take kafin mita ta tabbatar. Kowane shago yana da tarin matattun na'urori a kan kanta ko a ƙarƙashin tebur, waɗanda baƙo zai ɗauka shara ce, alhali su ne ma'ajiyar kayan canji, inda ake ciro sashe mai rai daga wadda ta mutu a dasa wa wadda ake son tayarwa. Hausa ce harshen ciniki a waɗannan shaguna, ko da maigida Babarbare ne ko Shuwa ko Babur ko Ibo, kuma abokan cinikinsu ba 'yan gari kaɗai ba ne, domin hanyoyin Gamboru Ngala da Banki da Baga da Damasak sun daɗe suna kawo mutane da kaya daga Chadi da Kamaru da Nijar.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986, a zamanin Janar Babangida, ya karya darajar naira, sabon kaya ya gagari mafi yawan mutane, sai kasuwar kayan da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Beljiyam, ta buɗe sosai. Kasuwar Alaba da Computer Village ta Ikeja, duka a Legas, suka zama mashigar kayan lantarki, Kano ta zama zango, Maiduguri kuma ƙarshen layi. Rahoton da ƙungiyar Basel Action Network ta fitar a 2005 ya ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kwamfutoci da makamantansu ke sauka a Legas kowane wata, kuma babban kaso daga ciki ba ya aiki, abin da ke nufin cewa mai gyara yana cikin cinikin tun daga tashar jirgin ruwa. Shigowar wayar salula a 2001 ta haifar da sabon ayari na matasa masu gyara, waɗanda a Maiduguri suka fi taruwa a kusa da shataletalen Post Office, a wurin da aka sani da Kasuwar Jagwal, kuma daga cikinsu ne da yawa suka haura zuwa kwamfutar cinya lokacin da karatun jami'a da jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, suka sa ta zama abin buƙata.

Rikicin tayar da ƙayar baya da ya ɓarke a garin a Yulin 2009 ya matse wannan sana'a ta fuskoki da dama. An kai wa turakun sadarwa hari a Satumban 2012, an katse layukan waya na tsawon watanni bayan dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013, bam ya tashi a yankin Post Office a Janairun 2014, hanyoyin kan iyaka suka rufe ɗaya bayan ɗaya har hanyar Damaturu zuwa Kano ta zama kusan ita kaɗai ce jijiyar gari, sannan a Janairun 2021 aka karya turakun wutar lantarki da ke kawo wuta daga Damaturu, gari ya daɗe a cikin duhu, masu gyara suka koma kan janareta da sola. A tsakanin nan kuma ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa suka cika gari, suka ɗauki matasa da yawa aikin tattara bayanai da rubuta rahoto, sai buƙatar kwamfuta mai kyau ta ƙaru a daidai lokacin da kawo kayan canjinta ya fi kowane lokaci wuya. A cikin wannan yanayi ne wasu nau'o'in kwamfuta masu tsada, waɗanda suka gama zamaninsu a ofisoshin Ingila da Amurka, suka fara isowa da wani tabo a fuska wanda goge-goge ba ya fitar da shi.

Fahimtar wannan tabo na buƙatar sanin abin da gilashi ke yi da haske. Duk lokacin da haske ya fito daga iska ya faɗa kan gilashi, kimanin kashi 4 cikin 100 nasa ba ya shiga, sai ya dawo baya, kuma wannan ɗan kason da ya dawo shi ne ƙyallin da ke sa mutum ya ga fuskarsa ko tagar ɗakinsa a kan sikirin maimakon rubutun da yake son karantawa. A gilashi ɗaya asarar ba ta da yawa, amma a cikin kyamara ko madubin hangen nesa mai gilasai 5, wato fuskoki 10, kusan kashi 1 cikin 3 na hasken ke salwanta. A 1886 masanin Ingila Lord Rayleigh ya lura da wani abin mamaki, cewa tsohon gilashin da fuskarsa ta ɗan dushe saboda daɗewa ya fi sabo barin haske ya wuce, kuma a 1904 Harold Dennis Taylor ya yi rajistar hanyar dusar da gilashi da gangan ta amfani da sinadarai. Cikakkiyar dabarar ta zo a 1935, shekara 100 cif bayan azurfar Liebig, lokacin da Alexander Smakula, ɗan asalin Yukuren da ke aiki a kamfanin Carl Zeiss a Jena, ya gano yadda ake ɗora siririn shafe a kan gilashi a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, fasahar da Jamus ta riƙe a matsayin sirrin soja na wasu shekaru. A Amurka kuma Katharine Blodgett ta kamfanin General Electric ta nuna nata gilashin da ba ya ƙyalli a 1938.

Yadda shafen ke aiki ya dogara ne a kan cewa haske yana tafiya a matsayin igiya mai tudu da kwari. Idan aka ɗora shafe a kan gilashi, haske zai dawo daga wurare biyu, daga saman shafen da kuma daga gilashin da ke ƙarƙashinsa, kuma idan kaurin shafen ya yi daidai da kashi 1 cikin 4 na tsawon zangon igiyar, wato nisan da ke tsakanin tudu da tudu, to hasken da ya dawo daga ƙasa zai makara da rabin zango, tudunsa ya faɗa a kwarin na sama, su kashe juna. Sinadarin da aka fi sani da wannan aiki, wanda ake kira maganiziyom fuloraid, ana shafa shi da kaurin kimanin nanomita 100, nanomita kuwa kashi 1 ne cikin miliyan na milimita, ma'ana silin gashin mutum ya fi shafen kauri sau ɗaruruwa. Shafe ɗaya kan rage ƙyalli daga kashi 4 zuwa ƙasa da kashi 2 cikin 100, shafe mai hawa da yawa kuma ya kai shi ƙasa da kashi 1. Da yake ba kowane launi ne ke mutuwa daidai da ɗan'uwansa ba, ragowar hasken da ke dawowa kan ba da ɗan shuɗi-shuɗi ko kore ko ruwan hoda, wanda duk mai tabarau na asibiti ya saba gani idan ya karkata shi a rana.

A 2012 kamfanin Apple ya fitar da MacBook Pro mai sikirin ɗin da ya kira Retina, ya cire gilashin kariya da ke gaban tsofaffin samfura, ya kuma ɗora shafen kashe ƙyalli a kan fuskar da hannu da ƙyalle ke taɓawa kai tsaye. Ba a daɗe ba masu kwamfutar da yawa suka fara ganin shafen yana ɓarewa, wani lokaci a gefe-gefe, wani lokaci a tsakiya da siffar madannai, saboda idan an rufe murfi madannan kan taɓa gilashi su bar maiƙon yatsu a kansa. Bayan ƙorafi ya yi yawa, a Oktoban 2015 kamfanin ya amince zai canza sikirin kyauta cikin shekara 3 daga ranar saye, wa'adin da daga baya ya ƙara zuwa shekara 4. Wannan rangwame ya amfani wanda ya saya sabuwa a London ko New York, amma kwamfutar da ta shekara 5 ko 6 a hannun mai ita na farko kafin ta bi ta Ikeja da Kano ta iso Maiduguri wa'adinta ya riga ya wuce, ga shi wakilan kamfanin masu izinin gyara suna can manyan birane irin su Legas. Sikirin ɗin kuma an manne shi da murfin, ba a canza gilashin shi kaɗai sai dai a canza murfin gaba ɗaya, a kan kuɗin da kan kusanci abin da aka biya aka sayi kwamfutar.

Abin da ke ruɗa mai kwamfuta shi ne cewa tabon da yake gani ba datti ba ne. Wurin da ya yi fari-fari yana ɗaukar ido shi ne tsiraicin gilashi, inda shafe ya riga ya tafi, wurin da ya yi duhu kuma shi ne inda shafen yake nan lafiya, saboda haka duk ƙoƙarin goge tabon da ƙarfi faɗaɗa shi yake yi. Yanayin Maiduguri yana gaggauta wannan lalacewa. Ƙurar hunturu da ke rufe gari daga Nuwamba zuwa Fabrairu mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon gindin tafki ya bushe ya bar farar ƙasa mai ɗauke da ɓawon ƙananan halittun ruwa, sannan iska ta gauraya ta da rairayi, kuma ƙwayar rairayi ta fi gilashi tauri, domin a ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs tana mataki na 7, gilashi kuwa bai wuce 5 da rabi zuwa 6 ba. Wanda ya sa bakin rigarsa ko gefen mayafinsa ya share busasshiyar ƙura daga sikirin, niƙa ta yake yi a kan shafen da bai kai kaurin hayaƙin fitila a jikin kwalba ba. A ƙara da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da gumin yatsu, da jakar ɗalibi da aka cusa wa littattafai aka danne a cikin Keke Napep, sai a ga dalilin da ya sa kwamfutar da ta iso da ɗan tabo a kusurwa take cika shekara fuskarta duk ta yi dabbare-dabbare.

Shafen ba ya sake shafuwa a shago, domin ɗora shi na buƙatar injin zuƙe iska na masana'anta, don haka zaɓin da ya rage wa injiniya, kamar yadda ake kiran masu gyaran, shi ne ko a haƙura da tabo, ko a nemo murfi daga wata matacciyar kwamfuta irinta, ko a ƙarasa abin da lalacewa ta fara, wato a cire ragowar shafen duka domin fuskar ta zama iri ɗaya. Mai aiki da natsuwa kan fara da kashe kwamfutar da zare caja, ya kwantar da bayan murfin a kan tawul ta yadda gilashin zai kalli sama, ya rufe madannai, sannan ya bi gefunan sikirin da ramin kyamara da salatif, saboda ɗigon ruwa ɗaya da ya sulale ta gefe ya shiga tsakanin sassan ciki zai bar tabon da babu mai fitar da shi. Abin gogewar ba a zuba shi a kan gilashi, a kan ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau ake ɗiga shi, kuma abubuwan da aka fi amfani da su su ne ruwan kurkurar baki mai sifirit a ciki, ko garin bekin soda da aka dama da ɗan ruwa. Daga nan sai murzawa a hankali, da'ira bayan da'ira, a ɗan wuri kaɗan, ana karkata gilashin ga haske lokaci zuwa lokaci domin a ga inda shuɗin ya rage. Tsakiya kan saki da wuri, gefuna su yi gardama, kuma a nan ne mai gaggawa ke danna yatsa da ƙarfi ya fasa siririn gilashin ko ya bar farin tabo a cikin hoton. Wani sikirin kan gama cikin ƙasa da awa ɗaya, wani ya ci yini, wani kuma ya bar tsibirai na shafe da suka ƙi tashi ko da me aka bi su.

Bekin soda ba baƙo ba ne ga ƙasar Borno ta fuskar sinadari, domin yana cikin abubuwan da suka haɗu suka yi kanwa, wadda aka daɗe ana haƙowa a gaɓar Tafkin Chadi ana fataucinta ta Baga. Sai dai kanwar kasuwa tana ɗauke da yashi, kuma duk wanda ya yi tunanin maye gurbin garin kanti da ita zai kankare shafen ya haɗa da gilashin.

Kuskuren da ya fi wannan muni yana faruwa ne idan aka ɗauki kowane sikirin iri ɗaya. Mafi yawan kwamfutocin HP da Dell da Lenovo da ke kasuwar Maiduguri ba su da wancan shafe a kan gilashi. Fuskarsu ta roba ce mai ɗan kaushi da ido ba ya gani, wadda ba ta kashe hasken da ya dawo, sai dai ta warwatsa shi ta kowane ɓangare har ya daina yin hoto. Wannan fuska mai kaushi manne take da wata fata da ake kira folaraiza, wadda aikinta shi ne tace haske ta bar mai karkata ɗaya kawai ya wuce, kuma ba tare da ita ba sikirin fari fat zai nuna ko da kwamfutar tana aiki lafiya. Wanda ya bi irin wannan fuska da soda ko sifirit mai ƙarfi zai dusar da ita, wanda kuma ya yi ƙoƙarin ɓare ta ya ja har da fatar ƙasa ya faɗa cikin abin da Hausawa ke cewa garin neman gira an rasa ido. Ita ma folaraizar tana da nata ciwon, domin zafi da danshi kan ruɓar da ita ta kumbura a tsakiya tana warin tsami, kuma maganinta shi ne a ɓare ta da reza, a wanke gam ɗin, a manna sabuwa a kan karkatar da ta dace, aikin da masu gyaran talabijin ɗin bango suka riga na kwamfuta ƙwarewa a kansa. Bambance waɗannan cututtuka uku kafin a taɓa komai shi ne ke raba gwani da ɗan koyo, ko da yake yanzu dukansu biyun a YouTube suke ganin dabarar, ba a wurin maigida kaɗai ba.

Sakamakon kankare shafe fuska ce mai tsabta, amma mai ƙyalli fiye da yadda aka ƙera ta, kuma wannan asara ta fi nauyi a garin da rana ke da ƙarfi kusan duk shekara, inda mai aiki a kusa da taga ko a ƙarƙashin darbejiya zai riƙa ganin farar rigarsa a cikin rubutu, ya ƙara hasken sikirin har ƙarshe, batir ya riƙa saurin ƙarewa a wurin da wuta ba ta da tabbas. Shi ya sa wasu kan manna ledar kariya mai kaushi bayan sun gama, wadda ke rage ƙyalli amma ta ɗan rage kaifin rubutu. Duk da haka, ga ɗalibin da ba zai iya sayen murfi ba, musamman bayan sakin naira a Yunin 2023 ya ninka farashin duk abin da ake shigowa da shi, ciniki ne mai ma'ana, muddin an faɗa masa abin da zai samu da abin da zai rasa kafin a fara. Inda aikin ke zama abin zargi shi ne a hannun dillalin da ke kankare shafe domin ya sayar da kwamfuta a matsayin wadda ba a taɓa ba. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Borno ya daɗe da yin hukunci a kan irin wannan, domin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ta hana ɓoye aibin haja, ta kuma ba mai saye zaɓin mayarwa idan ya gano aibin daga baya. Gano shi ba wuya: a kashe sikirin a karkata shi ga haske, idan hoton fitila ya fito da ɗan shuɗi kuma a dushe shafen yana nan, idan ya fito fari tas kamar a gilashin taga an riga an cire shi.

Gobarar Kasuwar Monday ta 26 ga Fabrairun 2023 da ambaliyar 10 ga Satumban 2024, wadda ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ta mamaye kasuwar da yankin Post Office, sun cinye kaya masu yawa, har da tarin matattun na'urorin da shaguna suka shekara suna ajiyewa, waɗanda ba a sayensu a ko'ina sai dai a sake tarawa sannu a hankali. A can masana'anta kuma fasahar ta sake salo. Tun 2019 Apple ya fara sayar da gilashin da aka sassaƙa wa kaushi mai ƙanƙantar nanomita a jikinsa, ya kuma kawo shi kan MacBook Pro a ƙarshen 2024, tare da gargaɗin cewa kada a goge shi sai da ƙyallen da kamfanin ya bayar. Irin waɗannan kwamfutoci za su bi hanyar da magabatansu suka bi, su iso Maiduguri bayan wasu shekaru garantinsu ya ƙare, kuma da yake kaushin a jikin gilashin yake, babu abin da za a kankare a bar lafiyayyar fuska a ƙasa. Wanda ƙurar Bodele ta karce sai dai a nemo masa wani murfin daga Kano ko Ikeja.